Mai Gida da Littattafan Iyalinsa

Ya kai mai gida da ka koyi karatu da girmanka, madalla da ƙoƙarinka. Amma ka sani, karatu kamar fartanya yake, in an jingine ta sai ta yi tsatsa. Mutane da yawa sun gama ajinsu, ba su sāke buɗe littafi ba, bayan shekara biyu ko wasiƙa ba su iya karantawa. Maganin wannan shi ne ka zama malamin gidanka, gama mai koya wa wani ba ya mantuwa.

Da fari, bari yaranka su riƙa ganinka da littafi. Yaro ya fi bin abin da ya gani bisa abin da aka gaya masa. Ka sa lokaci guda kullum, ko bayan la'asar, ko bayan an ci tuwon dare. Shafi biyu ya isa. Ka karanta a fili, yatsanka yana bin kalmomi, su kuwa suna kallo. Inda ka yi tuntuɓe ka koma baya ka sāke, kada ka ji kunya. Da haka za su gane kuskure ba abin tsoro ba ne.

Na biyu, kada ka miƙa wa yaro littafin da ba ka karanta ba. Ai uwa ba ta ba jariri kunu sai ta ɗanɗana. Littafi mai wuya yakan kashe wa yaro zuciya, har ya ƙi karatu ɗungum.

Ga misali. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta labaru da Hausa, littattafan da aka zaɓa suka fara fitowa a 1934. Dukansu masu kyau ne, amma ba tsararsu ɗaya ba. Ruwan Bagaja, na Abubakar Imam, cike yake da ban dariya, yara za su so jin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna wayo. Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Balewa, labarin bauta ne da rabuwar ɗa da mahaifiyarsa, sai a bar shi ga wanda ya fara hankali. Jiki Magayi kuwa zancen ɗaukar fansa ne, na manya ne.

In kuɗinka na littafi ɗaya ne, fara da Magana Jari Ce na ɗaya, wanda ya fito a 1937. A cikinsa aku ke ba ɗan sarki Musa labaru don ya hana shi fita yaƙi. Labarun gajeru ne, kowanne a zama ɗaya ake gama shi. In kun gama, ka tambayi yaran: wa ya yi daidai, wa ya yi wauta?

Na uku, kada ka ware mata. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a gida ta yi karatunta. Kafin rasuwarta a 1864 ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma karantar da mata masu yawa. Saboda haka uwargida da 'yan mata su zauna tare da ku, a riƙa ba kowa layinsa.

Daga ƙarshe, ka adana littattafan cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da danshi. Littafin da aka kiyaye yakan wuce daga wa zuwa ƙane, har ya kai ga jikoki.

Tambayoyi:
1. Don me mai gida zai karanta littafi kafin ya ba ɗansa?
2. Wane lokaci ka zaɓa don karatu a gidanka?