Dutsen Eiger a Majigi: 'Yan Wasa da Aikin Bayan Fage a Fim ɗin "The Eiger Sanction"

A darussanmu na wasan kwaikwayo mukan ce ɗan wasa maƙaryaci ne wanda aka yarje wa ƙarya. Idan ya mutu a dandali, kowa ya san zai tashi ya karkaɗe rigarsa. To, amma akwai wani nau'in fim wanda wannan magana ba ta zauna daidai a kansa ba, watau fim ɗin hawan dutse, inda sau da yawa haɗarin da ake kwaikwayo shi ne ainihin haɗarin da ɗan wasa yake ciki. A wannan 'yar maƙala za mu ɗauki misali guda mu duba, shi ne The Eiger Sanction, wanda kamfanin Universal na Amurka ya fitar a 1975. Clint Eastwood, wanda masu zuwa silima a garuruwanmu suka fi sani da fina-finan kaboyi, shi ne tauraro, kuma shi ne ya ba da umarni.

Tushen labarin wani littafin ƙagaggen labari ne na 1972, wanda wani malamin jami'a, Rodney Whitaker, ya rubuta da sunan aro na Trevanian. Jigonsa ramuwar gayya da cin amana. Jonathan Hemlock malami ne mai koyar da fasahar zane, amma a dā makashi ne a wata hukumar leƙen asiri. Shugaban hukumar, wani zabiya mai suna Dragon, ya tilasta masa komawa bakin aiki, ya ce wanda ake son ya kashe yana cikin wata tawaga da za ta hau dutsen Eiger a ƙasar Suwizalan. Ba a san ko wane ne ba, illa dai an ce yana ɗingishi. Kalmar da ke ƙarshen sunan fim ɗin, a bakin mutanen hukumar, tana nufin hukuncin kisa.

Da farko Paul Newman aka nufa da matsayin Hemlock, ya janye, sa'an nan Eastwood ya karɓa. George Kennedy, wanda ya ci lambar Oscar da wasansa a Cool Hand Luke na 1967, shi ya fito a matsayin Ben Bowman, tsohon amini mai horar da Hemlock, kuma a ganina shi kaɗai ne a fim ɗin da maganarsa take fita kamar ta mutum mai jini a jika. Vonetta McGee ta fito a Jemima Brown, Jack Cassidy ya fito a Miles Mellough maci amana, Thayer David kuwa shi ne Dragon. Abokan hawan nan uku an ɗauko su ne daga Turai: Reiner Schöne, da Michael Grimm, da Jean-Pierre Bernard. John Williams ya tsara kiɗan. Tilas a faɗi cewa rabin farko na fim ɗin yana da rauni. Barkwancinsa a kan baƙar fata da Indiyawan Amurka ba ya da daɗin ji, kuma zaren labarin yana kwance har sai an iso gindin dutse.

Shi wannan dutse ya cancanci a tsaya a kansa, domin in ba a san shi ba ba za a gane nauyin abin da aka yi ba. Tsawon Eiger mita 3,967 ne, watau ba ya cikin mafiya tsawo a duwatsun Alps. Abin tsoronsa fuskarsa ta arewa, wani bango mai kimanin mita 1,800, wanda rana ba ta cika haska shi ba. Ƙanƙara ce take riƙe da tsakuwa da ɓaraguzan da ke samansa. Da zarar iska ta yi ɗumi da rana ta ɗaga, sai ƙanƙarar ta saki, duwatsu su dinga zubowa a kan duk wanda ke ƙasa. Ba a ci nasarar hawan wannan fuska ba sai a 1938, lokacin da Anderl Heckmair da Ludwig Vörg da Heinrich Harrer da Fritz Kasparek suka kai ƙololuwa. Kafin su, a 1936, mutum huɗu sun halaka a can. Na ƙarshensu, Toni Kurz, ya cika yana rataye a igiya, masu ceto suna kallonsa, 'yan taku kaɗan tsakaninsu. Su masu ceton sun ɓullo ne ta wata taga ta ramin jirgin ƙasa da aka haƙa ta cikin dutsen. Mai karatu ya riƙe wannan taga, za mu komo gare ta.

Eastwood ya ƙi yarda a ɗauki hawan a ɗakin shirya fim da duwatsun kwali, ya kuma ƙi a sa wani ya tsaya masa a wuraren haɗari. Yana da shekara 44 a lokacin. Ya tafi Yosemite ya koyi hawa a hannun Mike Hoover, wanda gwani ne a hawa da kuma ɗaukar hoto. Aka tara masa ƙwararru: Norman Dyhrenfurth, wanda ya jagoranci tawagar Amurka zuwa Everest a 1963, da 'yan Sikotilan biyu, Hamish MacInnes da Dougal Haston, wanda ya riga ya hau fuskar arewa ta wata sabuwar hanya a 1966. Sunayen waɗannan ba su ne ke kan allon talla ba, amma su suka kafa ƙusoshi, suka ɗaure igiyoyi, suka zaɓi inda za a tsaya da kyamara.

An fara aiki a kan dutsen cikin watan Agusta na 1974. A rana ta biyu aka ɗauki fitowar da duwatsu ke zubo wa mahaya. Bayan an gama, Hoover da wani matashi Baturen Ingila mai suna David Knowles, ɗan shekara 26, suka saura a kan wani ɗan tudu a jikin bangon domin a ƙara ɗaukar zubowar daga ƙasa. Suna cikin tattara kaya sai wani ƙaton dutse na gaske ya ɓalle daga sama. Nan take Knowles ya mutu, Hoover ya sami karaya a ƙugu. Eastwood ya so ya dakatar da fim ɗin baki ɗaya, mahayan suka ba shi baki, suka ce sun san haɗarin sana'arsu, kuma in aka bari to mutuwar abokinsu ta tashi a banza. Aka ci gaba. Daga baya shi ma Frank Stanley, babban mai ɗaukar hoton fim ɗin, ya faɗi ya ji ciwo.

A nan ne tambayar da ta sa na rubuta wannan maƙala take. Hujjar mahayan tana da ƙarfi, gama ba wanda ya tilasta wa Knowles hawa, kuma abin da ya kashe shi shi ne abin da kowane mai zuwa Eiger ya san yana jiransa. Amma mai hawa don kansa yakan zaɓi sa'arsa, ya wuce wurin zubowar duwatsu da sauri tun da sanyin safiya. Mai ɗaukar fim kuwa tilas ya daɗe a wuri guda, ya jira haske, ya maimaita abu sau uku ko huɗu. Ke nan buƙatar kyamara ta saɓa da dabarar tsira, kuma wanda ya yanke shawarar a yi aikin a kan dutse na gaske yana da rabonsa na alhaki, ko da kowa ya zo da yardarsa.

Sashen horon Hemlock an ɗauke shi a Amurka ne, a Zion da Monument Valley. A can akwai wani siririn dutse mai kama da tabarya a tsaye, ana kiransa Totem Pole, a ƙasar ƙabilar Navajo, waɗanda suka hana hawansa. Sun ba da izini bisa sharaɗin a cire ƙusoshin da mahayan baya suka bari a jikinsa. Eric Bjornstad da Ken Wyrick suka hau suka shirya igiyoyi, sa'an nan jirgi mai saukar ungulu ya sauke Eastwood da Kennedy a bisa. Wannan hoto na mutum biyu zaune a kan ɗan wuri, sarari ya kewaye su ta ko'ina, ba dabarar kyamara ba ce, suna can ɗin.

Mu koma ga tagar nan. A ƙarshen fim, abokan hawan uku duk sun halaka, Hemlock ya saura yana lilo a igiya daura da tagar ramin jirgi, kusan yadda Toni Kurz ya kasance. Bowman ya jefa masa wata igiya, ya ce ya yanke tasa. A daidai nan ne Hemlock ya lura Bowman yana ɗingishi, watau wanda aka aiko shi ya kashe shi ne yake riƙe da ransa. Eastwood da kansa ya rataya a kan rami mai zurfi, ya sa wuƙa ya yanke igiyar da ke ɗauke da shi, ya faɗa har ta biyun ta tare shi. Ɗalibin da ke nazarin yadda ɗan wasa ke nuna tsoro ya dubi hannunsa a wannan fitowa, ya ga yadda yake jinkiri kafin wuƙar ta taɓa igiya.