Kalma Ɗaya, Ma'ana Dabam Dabam

A darasin wannan wata za mu duba kalmar Turanci "tender", domin mun ga tana rikita masu fassara wa jama'a takardun noma da na kiwon lafiya a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo.

In an faɗe ta a kan dashen tumatir a fadamar Challawa, ana nufin tsiron bai yi ƙwari ba tukuna. A dasa shi da yamma, kada rana ta ƙone shi. A kan nama, ya dahu ya yi laushi ke nan. A kan zuciya kuwa tausayi ne, irin wanda Manzo Bulus ya koya wa Afisawa a sura 4.

Amma ga inda haɗarin yake. A bakin likita ba taushi take nufi ba, sai wurin da ke ciwo in an taɓa. Yaro mai zazzaɓi da amai, in mun danna ƙasan cikinsa ta dama ya yi ƙara, kada mu ce, "Ai taushi ne, ba kome." Sau da yawa ma tauri cikin yake yi. Wataƙila afendis ne. Kada a ba shi abinci ko maganin wankin ciki. A kai shi asibiti a ranar, ko da a amalanke ne.