Mai Ciwon Suga, Ka Kula da Darenka

Ɗana, samu wuri ka zauna, akwai maganar da nake so mu yi a tsanake. Na ga ƙoƙarinka tun da likita ya ce kana da ciwon suga. Ka rage tuwo, ka bar lemon kwalba, maganinka ba ka wasa da shi. Allah ya yi maka albarka. Duk da haka kana kukan cewa in ka gwada jininka da safe sai ka tarar suga ya hau, alhali ba ka cika ciki ka kwanta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Dalilan hakan suna da yawa, likita ne zai tantance. Amma akwai guda ɗaya da mutanenmu ba su cika waiwaya ba, wato yadda mutum yake numfashi idan barci ya ɗauke shi.

Mu a wajenmu minshari abin zolaya ne. Sai a ce wane ya ƙoshi, ko ya kwaso gajiya. Wani minsharin kam ba komai. Amma akwai wanda za ka ji yana tafiya sai ya tsaya cak, ɗaki ya yi tsit, can sai mutum ya shaƙe, ya fizgo numfashi da ƙarfi, ya juya ya ci gaba. Wannan ciwo ne. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe suna saki, su koma baya su toshe hanyar iska. Likitoci suna ƙirga kowace tsayawa da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya sukan ce da sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Ka lissafa da kanka. Sau 30 a awa, a barcin awa 7, ya wuce sau 200 a dare guda. Mai shi kuma zai rantse maka ya yi barci lafiya.

Za ka ce to ina ruwan wannan da suga? Ka saurare ni. Duk sanda iska ta yanke, oksijin yana raguwa a jini. Ƙwaƙwalwa ta firgita, ta tashe ka na ɗan ƙiftawar ido, ba ka ma san ka farka ba. Jiki ya saki sinadaran firgici, irin waɗanda yake saki idan mutum ya ga haɗari. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, hanta ta zubo sugan da ta adana domin a samu ƙarfin gudu. Babu kuma inda za a gudu, kana kwance a gadonka. A haka dare bayan dare, jiki ya rage jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Gari ya waye ka tashi a gajiye. Gajiyayyen jiki kuwa zaƙi yake nema da abinci mai nauyi, ga kasalar tattaki. Ƙiba ta ƙaru, wuya ya yi kauri, hanyar iska ta ƙara matsewa. Kowanne yana tura ɗan'uwansa.

Kada ka ɗauka abin na ɗaiɗaikun mutane ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya gwada barcin masu ciwon suga nau'i na biyu waɗanda ke da ƙiba, sai aka tarar kusan 86 cikin 100 numfashinsu yana yankewa cikin barci. Tun 2008 ma ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta shawarci likitoci cewa wanda aka samu da ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu a duba shi ko yana da ɗayar.

Wanda ke barci ba ya ganin kansa, saboda haka ka tambayi iyalinka. Ita ce ganau. Ka tambaye ta cikin raha, kada ka ji haushin amsar da za ta ba ka. Sannan ka duba kanka. Kana tashi da ciwon kai, baki a bushe? Kana gyangyaɗi a wajen aiki, ko liman yana huɗuba, ko, Allah ya kiyaye, kana riƙe da sitiyari? Hawan jininka ya ƙi jin magani biyu ko uku? Ga kuma fitsarin dare. Mai ciwon suga yakan ɗora wa suga laifinsa, alhali yankewar numfashi ma tana sa ƙoda ta ƙara fitar da ruwa da dare. Idan ka ga waɗannan, ka faɗa wa likitan da ke duba suganka ba tare da kunya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi zai tura ka gwajin barci, inda za a ɗaura maka na'ura ta kwana tana ƙirga numfashinka da oksijin ɗin jininka. Ka isar wa 'yan'uwanka mata da wannan magana. Su ma ciwon yankewar numfashin nan yana kama su, musamman bayan al'ada ta ɗauke, sai dai sun fi kukan gajiya da rashin barci a kan minshari.

Babban maganinsa wata na'ura ce da ake kira CPAP. Wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da ita, aka buga aikinsa a 1981. Ɗan akwati ne da tiyo da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci. Iskar ɗaki take turawa a hankali, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Babu allura, babu abin haɗiya. Da yawa daga masu amfani da ita suna cewa sun manta rabon da su tashi da wartsakakken jiki irin haka.

Yanzu ga tambayar da na san tana ranka: shin za ta sauke suga? Zan gaya maka gaskiya yadda take, don kada ka sa ran da zai kai ka ga fushi. A 2016 an buga gwaje-gwaje biyu. A ɗaya, mutanen sugansu bai yi nisa ba tun farko. Bayan wata 6 da na'urar, gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, bai canza ba, ko da yake gyangyaɗin rana ya ragu. A ɗayan, wanda aka yi a Sifaniya, an ɗauki waɗanda sugansu ya ƙi daidaita, kuma nasu ya ɗan sauka. Kafin nan, a 2015, masu bincike a Jami'ar Shikago sun kwantar da mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka tabbatar sun sa na'urar awa 8 kowane dare har mako biyu. Jikinsu ya fi iya sarrafa suga, hawan jininsu ma ya sauka. Abin da na fahimta shi ne, na'urar ba ta warkar da ciwon suga, amma tana sauke wa jiki wani nauyi. Kuma amfaninta yana bin yawan awannin da ka yi da ita.

Nan nake so ka tsaya ka ji ni da kyau. Barci hawa-hawa ne. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, wajen asuba. A cikinsa tsokar jiki ta fi saki, yankewar numfashi ta fi daɗewa, oksijin ya fi faɗuwa. Masu binciken Shikago sun lura cewa yankewar da ke faruwa a barcin mafarki ita ta fi tafiya tare da hauhawar suga. To mutane da yawa sukan sa takunkumin da farkon dare, tsakar dare ya dame su, su cire su ajiye. Awa 4 ke nan, kuma mafi yawan barcin mafarki yana gaba. Wannan kamar mutum ne ya rufe rabin ɗakinsa da damina ya bar rabi, sannan yana mamakin kayansa sun jiƙe. Ka sa takunkumin tun kwanciya har tashi. Idan ka dawo daga sallar asuba za ka koma barci, ka mayar da shi. Barcin rana ma haka.

Na san akwai wahala. Kwanakin farko za ka ji kamar an ɗaure ka. Ka riƙa sa shi da yamma kana zaune kana jin rediyo, har fuska ta saba. In yana zubar da iska ko yana cin karan hanci, ka koma a canza maka wani, ai iri-iri ne. Lokacin hunturu hanci yana bushewa, ƙura tana toshe matatar na'urar, sai ka kula da ruwan da ake zuba wa na'urar don jiƙa iskar da tsabtar matatar. Ga kuma ɗaukewar wuta. Kafin ka saya, ka yi shawarar batir ko sola da za su kai ta har safe. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, ban ɓoye maka ba. Shi ya sa ba na so ta zama kayan ado a saman durowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma daɗin jiki ya sa ka ajiye maganin suga. Wannan kuskure ne mai tsada, ido da ƙoda da ƙafa ne ke biyan kuɗinsa. Ka ci gaba da gwaji, ka riƙa rubuta na safe, ka kai wa likita. Idan kana allurar insulin ko kana shan irin su glibenclamide, ka ji rawar jiki, zufa da yunwa mai tsanani, suga ne ya faɗi. Ka sha abu mai zaƙi nan take, sannan ka sanar da likita. Shi ne mai ragewa ko ƙarawa.

Abu ɗaya ne yake taɓa cututtukan biyu tun daga tushe, shi ne rage ƙiba. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar yankewar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Mai kilo 100 ya sauke 10 ke nan. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide, wadda dama ake ba masu ciwon suga, a matsayin maganin yankewar numfashi cikin barci ga masu ƙiba. Tana da tsada, kuma ba a taɓa ta sai da likita. Tattaki bayan cin abinci kuwa kyauta ne. Ka saba kwanciya a gefe, domin rigingine ta fi toshe maƙogwaro. Ka guji ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, suna ƙara sakar da maƙogwaro. Wanda yankewar numfashinsa ba ta tsananta ba, akwai wata roba da likitan haƙori ke yi wa mutum daidai bakinsa, tana turo muƙamuƙi gaba.

Lafiya uwar jiki, ɗana, kuma yaranka suna buƙatarka da ƙarfinka. Yau ka tambayi iyalinka. Ranar ganin likita ta gaba, ka tafi da amsarta tare da takardar gwajin suganka. In an ba ka na'ura, ka ba ta dare cikakke da haƙurin 'yan makonni kafin ka yanke mata hukunci. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa ka ga jikokinka.