Yadda Rubutu Ke Hawa a Tagar Kwamfuta

Na'urar VT100, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fito da ita a 1978, layi 24 kawai fuskarta ke ɗauka, kowane layi harafi 80, jimilla 1,920. Har yau yawancin tagogin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da wannan awo suke buɗewa. To, a ce malami a Kankiya ya tara sakamakon ɗalibai 300 na makarantun Kankiya da Kusada, kowane suna a layinsa. Ina layi 276 da suka rage za su shiga? Tilas rubutun ya riƙa hawa sama, na ƙasa ya samu gurbi.

Domin sauƙaƙa irin wannan aiki, Ken Arnold na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya rubuta wata taskar umarni mai suna curses a wajejen 1980. A 1993 aka fito da magajiyarta, ncurses, wadda ake amfani da ita har yanzu.

Dabarar taskar ita ce tattali. Wayar da ke kai harafi 960 a daƙiƙa tana bukatar daƙiƙa 2 kafin ta cika fuskar na'ura. Saboda haka taskar kan riƙe hoto biyu a ƙwaƙwalwa: abin da ke fuskar yanzu, da abin da ake so ya bayyana. Idan aka kira umarnin refresh, sai ta gwada su, ta aika bambancin kaɗai.

Hanya biyu ake bi wajen hawar da rubutu. Ta farko, a ba taga izini da umarnin scrollok, sannan wscrl ya tura layuka sama ko ƙasa. Amma a kula: layin da ya fice ta sama ya tafi ke nan. Tagar tamkar allon almajiri ce, abin da aka wanke ba ya dawowa sai in an haddace shi. Malamin da ya dogara da wannan hanya, bai adana sunayen a wani wuri ba, na ƙarshen jerin kawai zai tarar.

Hanya ta biyu ita ce newpad, mai shimfiɗa faffadan shafi a ƙwaƙwalwa, wanda zai ɗauki layi 300 duka. Umarnin prefresh shi ke zaɓar yankin da za a nuna. Ɗalibin da ya taɓa duba fatar albasa a madubin kimiyya ya san wannan: ido ɗan yanki yake gani, amma in an gusa gilashin sai wani yanki ya bayyana, na baya kuwa yana nan daram.

Aikin gida: idan taga ta fara daga suna na 101, wane suna ne zai zo a layinta na ƙarshe?