Yadda Ake Shuka Kuka Daga Ƙwallonta

Babu gidan da ba a kaɗa miyar kuka, amma da wuya ka ga mutumin da zai nuna maka bishiya ya ce da hannunsa ya shuka ta. Waɗanda muke cin ganyensu gado ne, ƙananan da ke tsirowa a gonaki kuwa awaki ke cinye su. Wannan abin takaici ne ga bishiyar da birnin Kukawa na Borno ya samo sunansa daga gare ta. Shukarta ba ta da wahala in ka riƙe abu biyu: ɓawon ƙwallon tauri gare shi, kuma yawan ruwa yana kashe ta.

1. Zaɓi uwa ta gari. Ba duk kuka ce mai daɗin ganye ba, akwai mai bauri. Tambayi matan unguwa wacce suka fi so. Fasa busasshen ɗanta, ka jiƙa, ka wanke farin garin tas har ƙwallayen su fita.

2. Ka raunana ɓawon. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. In ka binne ƙwallon yadda yake, zai iya yin watanni bai motsa ba, domin ruwa ba ya ratsa shi. Ɗauki magagari ko dutse mai kaushi, ka goga bayan ƙwallon, wato wajen doronsa, nesa da idon. Da ka hango fari-fari, tsaya. In ka zarce ka ji wa ƙwayar ciwo. Sai ka jiƙa a ruwa kwana ɗaya. Wasu tafasasshen ruwa suke saukewa su zuba a kai su bar shi ya kwana. Yana yi, amma ni na fi yarda da guga, domin kana ganin abin da hannunka ya yi. Ƙwallon da ya kumbura ya shirya.

3. Haɗa ƙasa: rabi yashi, rabi ƙasar gona da ɗan ruɓaɓɓen taki. Zuba a leda mai zurfi, ka huda gindinta, saboda saiwar kuka ƙasa take nutsawa ta yi kauri kamar karas. Binne ƙwallon zurfin gaɓar yatsa ɗaya.

4. Shuka da bazara, lokacin zafi, ba cikin hunturu ba. Yawanci tana tsira cikin mako ɗaya zuwa uku.

5. Kada ka ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Kuka a jikinta take ajiye ruwa, jiƙaƙƙiyar ƙasa kullum ruɓar da saiwar take yi. Ganyen farko falle ɗaya yake fitowa, ba mai yatsu biyar da ka sani ba, don haka kada ka tuge ta ka ce ciyawa ce.

6. Dasa ta da damina idan ta kai tsawon kamu ɗaya. Nisanta ta da katanga da rijiya aƙalla taku goma sha biyar, ka kewaye ta da ƙaya. In rani ya yi ta zubar da ganye, ba mutuwa ta yi ba, ka rage ruwa kawai.

Mai son 'ya'ya sai ya yi haƙuri: daga ƙwallo takan ɗauki shekara 8 zuwa fiye da 20, sai dai in an yi mata aure irin na mangwaro, wanda ke rage jiran sosai. Mai son ganye kuwa, ya yi yadda wasu manoma ke yi a Mali: a shuka ta kusa-kusa a fangali kamar alayyahu, a riƙa datse kanta, a ci ɗanyen ganye tun shekarar farko.

Ɗan kuka guda ɗaya ya ishe ka iri. Ka tanadi naka kafin bazara ta shigo.