Yadda Ake Raɗa Wa Faifan Ajiya Suna A Linux

Faifan da Linux ya fara gani shi yake kira sda, na biyu sdb, haka har ƙasa. Sunan na bin layi ne kawai. Idan aka soka filas kafin a kunna kwamfuta, faifan da yake sdb jiya yana iya wayar gari sdc, sai saitin da aka ɗora a kan tsohon sunan ya damƙi faifan da ba shi ba.

A fara da buga lsblk -f. Zai nuna kowane ɓangaren faifai da tsarinsa da UUID ɗinsa, wato lambar shaidar da ya samu ranar da aka tsara shi. A ext4 tana da haruffa da alƙaluma 32. Duk ramin da aka kai faifan tana nan yadda take, sai dai ba mai iya haddace ta, shi ya sa ake ƙara masa laƙabi, a ext4 da umarnin e2label.

Wurin zaɓen laƙabin nan ya kamata a natsu. Ext4 na karɓar bayit 16 ne kacal, XFS 12, FAT 11. Harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ bayit biyu yake ci, tazara kuwa sai an rubuta ta \040 a saiti, don haka a bar su duka. A kira faifai da aikinsa: hotuna, albashi, madadin-albashi. Kada a kira shi sabo, domin baɗi wani zai zo.

Daga nan sai fayil ɗin /etc/fstab, bayan an ajiye kwafinsa. Kowane faifai layi ɗaya ne mai gurbi shida: suna, inda za a maƙala shi, tsari, zaɓuɓɓuka, sai lambobi biyu. A gurbin farko a sa UUID ko LABEL. Faifan da akan cire a ba shi nofail, don kada kwamfuta ta cije wajen tashi ranar da ba ya nan.

A saman layin a sa alamar #, a rubuta wane faifai ne, me ke cikinsa, yaushe aka saka shi, me ya sa aka ba shi nofail. A ganina dalilin ya fi komai muhimmanci, domin wanda zai gaji na'urar yana ganin abin da aka saita, amma dalilin sai an faɗa masa.

Kafin a kashe kwamfuta a gwada da findmnt --verify, sannan mount -a. Idan kuwa da umarnin dd aka kwafi faifan, kwafin ya kwaso UUID ɗin na asali, sai a sauya masa, a ext4 da tune2fs -U random.