Darasi Ga Iyaye: Yadda Baƙon Dauro Ke Buɗe Wa Ciwon Zaizayar Baki Ƙofa

Ya ku iyaye maza da mata na birnin Sakkwato da kewaye.

Da wuya a sami wanda ya daɗe a garin nan bai taɓa jin labarin Asibitin Yara na Noma ba, wanda aka buɗe a shekarar 1999. Kalmar noma a nan ba ta da dangantaka da aikin gona. Suna ne da likitoci suka aro daga harshen Girka, ma'anarsa cinyewa, domin ciwon yana cinye dasashi da kumatu da leɓe, har ya kai ga ƙashin fuska. Jama'a suna kiran sa zaizayar baki, wasu kuma sun ɗauka iska ce ko sammu. Manufar wannan darasi ita ce bayyana asalin wannan ciwo, da kuma dalilin da ya sa allurar rigakafin ƙyanda, wato baƙon dauro, take daga cikin abubuwan da ke tsare fuskar yaro.

Su wane ne mazauna bakin yaro da cikinsa?

A jikin kowane ɗan Adam, mai lafiya da marar lafiya, akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38 daga cikinsu, akasarinsu a cikin hanji. A baki kaɗai an gano kimanin iri 700. Mafi yawansu ba sa cutarwa. Hasali ma suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da wasu sinadaran gina jiki, kuma suna cike wuri ta yadda miyagun ƙwayoyin cuta ba sa samun masauki.

Jariri yana fara samun waɗannan halittu daga jikin mahaifiyarsa lokacin haihuwa, sannan daga nono. A cikin nonon uwa akwai wani nau'in sukari wanda jaririn ba ya iya narkarwa da kansa. Abincin halittu masu amfani ne da ke cikin hanjinsa. Su kuma waɗannan halittu su ne ke koya wa garkuwar jikin yaro bambance aboki da abokin gaba tun yana cikin zanen goyo.

Ana iya kwatanta wannan zama da zaman unguwa. Muddin mai unguwa yana tsaye, kowa yana kiyaye iyakarsa. Garkuwar jiki ita ce mai unguwa: tana barin mazauna su zauna a kan fata da dasashi da bangon hanji, amma ba ta yarda su kutsa cikin tsoka ba.

Me ke faruwa idan garkuwar jiki ta yi rauni?

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Har yanzu masana ba su gano wata ƙwayar cuta guda ɗaya da za a ce ita ce ke haddasa zaizayar baki ba, kuma babu shaidar cewa yaro yana ɗaukar ciwon daga wani yaro. Abin da bincike ya nuna shi ne rikicewar zaman mazauna bakin da kansu.

Tsakanin shekarar 2001 da 2006, masana daga ƙasar Suwizalan sun gudanar da bincike a yankin Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, inda suka kwatanta yara 82 masu ciwon da yara 327 marasa shi. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa a bakin masu ciwon wasu halittun da aka saba gani sun ragu, wasu kuma sun yi yawa fiye da kima. Har ila yau, an tarar da cewa ciwon ya fi kama yaran da ke fama da tamowa, da waɗanda suka yi zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji ba da daɗewa ba. Wato sai rashin lafiya da yunwa sun karya garkuwar jiki, sannan halittun da a da suke zaune lafiya su sami damar shiga tsoka su ruɓar da ita.

Tarihi ma ya tabbatar da haka. A da ana fama da wannan ciwo a ƙasashen Turai, amma ya ɓace a ƙarni na 20 bayan abinci da tsafta sun inganta. Ya sake bayyana a can a sansanonin da aka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ina ruwan baƙon dauro a ciki?

Iyaye da yawa suna ɗaukar baƙon dauro a matsayin ciwon da dole kowane yaro ya yi, wanda da zarar ƙuraje sun bushe shi ke nan an rabu. Wannan kuskure ne mai tsada. Ƙwayar cutar ƙyanda tana kai hari ga ƙwayoyin jinin da ke riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. A shekarar 2019 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan yara 77 na ƙasar Holan waɗanda ba a yi musu rigakafi ba. An gano cewa bayan sun yi ƙyanda, sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in kariyar da jininsu ya tara. Ba a ga irin wannan asara ga yaran da aka yi wa allurar ba.

Bugu da ƙari, baƙon dauro yana fitar da gyambo a baki, yana hana yaro cin abinci, yana kawo gudawa, kuma yana ƙarar da sinadarin bitamin A wanda ke ƙarfafa fatar cikin baki da ta hanji. Idan yaron da ma bai ƙoshi ba, musamman wanda aka yaye a kan kunu zalla, to bango ya tsage ke nan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙyanda, tare da tamowa da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsaftar baki, a cikin abubuwan da ke share wa zaizayar baki hanya. Ciwon ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6.

Allurar ƙyanda ba ta kashe halittun baki, kuma ba ita kaɗai ce kariya ba. Aikinta shi ne hana ɗaya daga cikin manyan cututtukan da ke rusa garkuwar jiki.

Alamomin da ya wajaba a lura da su

Ciwon yana farawa da abin da ake rainawa: jan dasashi da zubar jini idan an taɓa. Daga nan sai gyambo a dasashi, da wari mai tsanani daga baki, da yawan dalalar miyau, da ƙin abinci. Sai kumburin kunci ko leɓe, sannan wurin ya yi baƙi ya ɓurme. Wannan duka yana iya faruwa cikin 'yan kwanaki. Idan ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 suna rasuwa, waɗanda suka tsira kuma sukan rayu da wahalar ci da magana da tsangwamar jama'a.

Amma idan an kai yaro asibiti tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Asibitin Noma na Sakkwato, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa a 2014, an yi wa yara da manya masu yawa tiyatar gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sai dai tiyata, komai ƙwarewar likita, ba ta mayar da fuska yadda take da farko.

Abin da ake buƙata daga gare ku

1. Ku kai yaro a yi masa allurar baƙon dauro yana da wata 9, ku koma a yi ta biyu yana da wata 15. Kyauta ce a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Wanda lokacinsa ya wuce, a kai shi yanzu, ba sai an jira zagayen masu rigakafi ba.

2. Wasu yara sukan yi ɗan zazzaɓi kimanin mako guda bayan allurar, wanda ke wucewa da kansa. Idan ya tsananta, a koma wurin ma'aikacin lafiya.

3. Uwa ta ba jariri dakashi, wato nonon farko, kada a zubar. A shayar da nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

4. A inganta kunun yaro da gyaɗa ko waken suya, a haɗa masa da wake, ƙwai, kifi, nono da zogale gwargwadon hali.

5. A karɓi ɗigon bitamin A duk bayan wata 6, daga wata 6 da haihuwa har shekara 5. Yaro ya kwana cikin gidan sauro.

6. A goge wa yaro haƙora kullum da asuwaki mai laushi ko buroshi. Idan ya yi ƙyanda ko zazzaɓi, a riƙa buɗe bakinsa cikin haske ana duba dasashi kowace safiya har tsawon makonni bayan ya warke.

7. Kada a sayo kafso a kemis ko wurin masu talla don kowane zazzaɓi ko mura. Shan sa ba bisa ƙa'ida ba yana kashe halittu masu amfani. Idan ma'aikacin lafiya ne ya rubuta, a shanye shi duka yadda ya umarta.

8. Da an ga jini a dasashi tare da wari ko kumburin kunci, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a jira.

Ya ku magidanta, izini da kuɗin mota a hannunku suke, saboda haka kada ku bari rashinsu ya hana uwa fita. Ku ɗauko katin rigakafin kowane yaro a gidanku yau, ku duba ko an cike gurbin wata 9 da na wata 15.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.